Farar Kaza Ta Rasu a Shagon Mai Agogo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, da kuma sallamawa ga abin da ba ya gyaruwa, Mai Agogo na bakin titi da iyalinsa suna sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da abokan ciniki, da duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar shago yana roƙon lambar sirrin waifai, rasuwar rautar gidansu, wadda aka fi sani da Farar Kaza. Rai ya yi halinsa ranar Juma'ar makon jiya da ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na yamma, a kan kantar da ke bayan teburin aiki, tsakanin akwatin batura da kwalbar man agogo. Ta rasu tana da shekara biyu da wata uku. Mai Agogo yana kusa da ita lokacin da ta cika. Kamar yadda za a ji a gaba, hannunsa ma yana kanta.

Ga wanda bai san marigayiya ba, farar roba ce da ba ta fi faɗin tafin hannu ba, irin na'urar nan da ke karɓar intanet daga kebul ɗin kamfani ta raba wa mutanen gida. Ba ita kaɗai ta zo ba. A kwali ɗaya ta iso da ƙanana biyu masu kama da ita sak, waɗanda ake ajiyewa a wasu ɗakunan domin su riƙa miƙa saƙo hannu da hannu har ya kai inda bango ya hana shi kaiwa. Baba, mahaifin Mai Agogo, shi ya raɗa mata suna. Ranar da aka buɗe kwalin a gabansa ya dube su su uku, ya tattara harshensa mai nauyi ya ce, "Kaza... da 'yan tsaki." Wannan ce dariya ta farko da aka yi a gidan tun dawowarsa daga asibiti, shi ya sa sunan ya zauna.

Dole a faɗi dalilin zuwanta, domin ba don kallon bidiyo aka kawo ta ba. Baba ne ya buɗe shagon nan shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, shi ya koya wa autansa riƙe hantsaki da sauraron agogo kafin a buɗe bayansa. Shago yana ƙasa yana kallon titi, ɗakunan kwana suna sama ta can baya. Tsakaninsu akwai dogon lungu, da matakala, da bango irin na ginin da, wanda ko ihu ba ya ratsawa. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, ya tafi da hannun hagu da ƙafar hagu da rabin magana, sai Yaya, babbar 'yarsa, ta taso daga garin da take zaune, tafiyar awa biyar a mota, ta ce ɗaukarsa ta zo yi. Gidanta ba bene ba ne, kuma ba ya rabuwa da mutane. A nan kuwa Malama, matar Mai Agogo, tana fita makaranta tun bakwai sai biyu ta dawo, shi kuma yana ƙasa da gilashin aiki maƙale a ido ɗaya.

"Auta, ba raina ka nake yi ba," in ji Yaya, tana ninke kayan Baba tana sawa a jaka. "Mutum ɗaya ne kai. Kana ƙasa, yana sama. Wa zai ji shi?"

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ƙasa, inda shagon yake, ya ce, "Nan." Ya sake cewa, "Nan." Sai hawaye ya zubo ta ido ɗaya.

"Yaya, ki bar mini shi," Mai Agogo ya ce. "Wallahi idona ba zai sauka daga kansa ba."

Yaya ta daɗe tana kallon su biyun, sannan ta zazzage jakar a kan gado. "To, na ji. Amma ka buɗe kunnenka. Faɗuwa ɗaya, Auta. Ya faɗi sau ɗaya babu kowa kusa, zan zo da mota, kuma ranar ba zan tsaya jin ta bakin kowa ba, har shi."

A kan wannan sharaɗi marigayiya ta shigo gidan.

Wanda ya haɗa ta shi ne mai gyaran kwamfuta na ƙarshen layi, da ake kira Injiniya Ba-Matsala saboda kalmar da ba ta barin bakinsa. Ya ajiye uwar a shago inda kebul ɗin kamfani ya shigo, ɗan tsako ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin Baba. Saboda kaurin bango, ya ja dogon kebul daga uwar ya bi gefen matakala da shi har ɗakin. A can ya kafa ƙaramar kyamara tana kallon gado, da ɗan akwatinta mai ajiye abin da ta gani, da maɓallin ƙararrawa da aka ɗaura wa Baba da zare a wuyan hannun dama. A shago kuma aka jingina wata tsohuwar wayar hannu mai tsagaggiyar fuska da gwangwanin ƙananan kusoshi. Aikinta biyu ne: ta nuna ɗakin Baba, ta kuma yi ƙara idan ya danna.

A bayan marigayiya akwai rami biyu iri ɗaya, babu rubutu, babu bambancin launi. Ɗaya zai karɓi kebul ɗin waje, ɗaya na cikin gida. Mai Agogo, mutumin da ya tashi cikin sana'ar da kowane ɗan haƙori yake da mazauninsa guda, ya juya ta a hannu ya tambaya wanne ne na wanne.

"Duk wanda ka ga dama, Malam," in ji Injiniya. "Ai ba irin ta da ba ce. Da zarar ta tashi sai ta kasa kunne a ramukan biyu. Inda ta ji ana magana daga waje, ta san nan ne intanet, ɗayan kuma gida ne. Ta fi ni da kai basira."

"In ta ji ba daidai ba fa?"

"Ba matsala."

Masu ta'aziyya za su so jin halinta, kuma babu abin ɓoyewa. Marigayiya mai haƙuri ce, mai kawaici, ba ta taɓa neman komai a wurin kowa ba sai soket. Ido ɗaya gare ta, ɗan haske a goshi, fari idan lafiya lau, ja idan intanet ya yanke. Ba ta da murya tata ta kanta sai wani siririn "zzz" da kan cajarta ke yi, wanda sai titi ya lafa ake ji, da "ƙas" ɗin da kebul ke yi idan ya shiga raminsa. Amma muryoyin wasu ta ɗauko su da amana. Ta ɗauko tarin Baba, ta ɗauko kukan gadonsa idan ya juya. Ta ɗauko "tin-tin" na ƙararrawa bisa tsarin da uba da ɗa suka yi: dannawa ɗaya ruwa ne, biyu banɗaki, uku kuwa babu wata buƙata, kawai ya gaji da kallon silin yana so a hau a ba shi labarin wanda ya kawo wane agogo da irin ɓarnar da ya yi masa. Kowace awa kuma ta ɗauko bugun tsohon agogon bangon da ke rataye saman gadon.

Wannan agogo ya cancanci a tsaya a kansa. Na katako ne, mai makulli, ana murɗa shi sau ɗaya a kwana takwas, kuma Baba ya fi ƙaunarsa fiye da wasu dangi. Makullin yana rataye a wuyan Baba, sai ranar murɗawa yake ba da aronsa, yana kallo yana ƙirga juyi da leɓe. Amma a faɗi gaskiya, tsoho ne mai rigima. Sau biyu ko uku a shekara yakan tsaya ba gaira ba dalili, sai an sauko da shi an lallashe shi da ɗigon mai.

Babban abin yabon marigayiya shi ne ba ta yar da gida idan waje ya juya mata baya. Sau nawa intanet ya yanke, idonta ya yi ja, maƙwabta suna ta tsaki suna ɗaga waya sama, amma hoton Baba yana nan yana numfashi a jikin gwangwani, domin hoton ba ya zuwa ko'ina, daga sama ne zuwa ƙasa. Mai Agogo yakan juya wa abokan ciniki wayar ya ce su gani, duniya ta yanke amma gidansa a haɗe yake. Ya yi wannan alfahari fiye da sau ɗaya, kuma yanzu yana tuna fuskar kowane mutum da ya yi wa shi.

Idan tana da aibi, to kirkinta ne ya yi yawa. A watannin farko Mai Agogo yana hawa sama duk rabin awa, ko da ƙararrawa ko babu. Daga baya ya koma duk awa. Daga baya sai an danna, ko lokacin abinci da magani. Babu ranar da aka zauna aka yanke wannan shawara. Ido yana ganin Baba kullum, sai ƙafa ta saba da kujera.

Ciwon ajali ya fara ne wata ranar Litinin, kwana goma sha ɗaya kafin rasuwarta, lokacin da motar haƙa ta masu gyaran titi ta tsinke babban kebul ɗin unguwa. Idon marigayiya ya yi ja. Kamfani ya ce ana kan aiki, kamar yadda kamfani ke cewa. Litinin ta wuce lafiya, Talata ta wuce lafiya, ƙararrawa tana isowa, agogon bango yana bugawa ta cikin waya. Ranar Laraba da ƙarfe goma da minti ashirin na safe wutar lantarki ta ɗauke ta dawo, bai fi ƙiftawar ido uku ba. Mai Agogo yana cikin cikin wani ƙaramin agogon mata a hasken taga, ko kai bai ɗaga ba. Amma wannan ƙiftawa ta isa ta kashe marigayiya ta sake tayar da ita, kuma da ta tashi ba ta sake haɗa shago da ɗakin Baba ba. Tsohuwar wayar, da yake batir gare ta, ba ta mutu ba. Ta riƙe hoton ƙarshe da ya iso mata, ta ci gaba da nuna shi. Wata 'yar da'ira tana juyawa a kusurwa alamar an yanke, daidai inda fuskar ta tsage, inda ba mai gani.

A cikin hoton Baba yana barci a ɓarinsa na dama, bakinsa a ɗan buɗe, bargo har ƙirji. Agogon da ke samansa yana nuna goma da minti ashirin.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Mai Agogo ya ɗaga kai ya dubi wayar. Ya ga Baba yana barci. Ya ga agogon bango, ya dubi na hannunsa, ya girgiza kai ya ce a ransa, tsohon nan ya sake tsayawa. Wani mutum daban, mai sayar da takalmi ko mai aski, da ya ga hoto ba ya motsi sai ya girgiza wayar. Shi kuwa shekara talatin yana ganin agogo a tsaye, kuma ko sau ɗaya laifin bai taɓa zama na wani abu ba sai na agogon. Sha ɗaya ta yi a duk agogunan shago, bai ji bugun na sama ta cikin waya ba, sai ma ya ƙara tabbata. Ya fara lissafin inda cutar take, ko mai ne ya bushe, ko ƙura ce ta shiga. Da sha biyu ya sake dubawa, ya ji daɗi har cikin ransa, domin Baba ya kwana biyu bai samu barci mai nauyi haka ba. Har rage muryar rediyo ya yi, rediyon da ko da an ƙure ta ba ta kaiwa sama.

Ƙarfe ɗaya saura kaɗan ya rufe rabin ƙofar shago, ya sa kwalbar mai da ƙaramin sukundireba a aljihu, ya hau domin ya ba Baba magani ya kuma duba agogon. Yana takawa a hankali don kada ya tashe shi. Yana isa bakin ƙofa ya ji "tik, tak, tik, tak", lafiyayye, ba gargada. Kafin kansa ya gama fahimtar abin da kunnensa ke gaya masa, agogon ya buga ɗaya.

Baba yana ƙasa, tsakanin gado da ƙofar banɗaki, kwance a kan ɓarin da ba ya ji, kayansa a jiƙe, jikinsa ya yi sanyi kamar simintin da yake kai. Maɓallin yana cikin tafinsa, babban yatsa a kai. Da ya ga ɗansa bai yi faɗa ba. Ya yi ta kokawa da harshe har maganar ta fito.

"Na danna," ya ce. "Sha ɗaya ta buga. Sha biyu ta buga."

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya tsage. Yaya ta iso kafin faɗuwar rana, ko jaka ba ta ajiye ba ta tsaya a bakin gadon ta tambaya minti nawa ya yi a ƙasa. Baba, wanda bai taɓa yi wa abokin ciniki ƙaryar minti ɗaya ba, ya riga kowa amsawa.

"Yanzu-yanzu... ya zo. Ban daɗe ba."

Yaya ta juya ta dubi ƙanenta. Mai Agogo ya dubi mahaifinsa, ya ga idon nan ɗaya yana roƙonsa ya yi shiru. Ya so ya yi shirun, Allah ya sani ya so.

"Awa biyu da minti arba'in ba na ganinsa, Yaya," ya ce. "Ina kallon hoto, na zaci shi ne."

Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe, babu faɗa a muryarta, kuma da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. "Ko ka yi shiru, likita ya riga ya gaya mini. Na san ka yi iya yinka, Auta. Iya yin naka ne bai isa ba. In an sallame shi, gidana za mu wuce."

Washegari aka kira Injiniya Ba-Matsala ya duba ɗaya marar lafiyar, wato Farar Kaza. Ya zo da kwamfutarsa, ya soka nan, ya zare can. Ya buɗe manhajar da ake yi wa rautar magana da ita, manhajar ta ce sai da intanet, domin sai ta nemi izini daga kamfanin da ya ƙera ta a wata uwa duniya kafin ta bar mutum ya gaisa da abin da ke gabansa a kan kanta. Ya ajiye wayar ya bi kebul da hannu.

"Malam, ka ga abin da ya faru," ya ce. "Da wuta ta dawo, ta tashi ta kasa kunne kamar kullum. Ramin waje shiru, tunda an tsinke kebul. Ramin ciki kuwa akwatin kyamara yana ta surutu. Sai ta ce, to, inda ake magana nan ne waje. Ta ɗauki ɗakin Baba a matsayin titi. Ita kuwa aikinta ke nan, duk abin da ya taso daga titi ba a gayyace shi ba, ta rufe masa ƙofa."

"Ƙararrawar fa?"

"Har ita. Tana zuwa, ana mayar da ita." Injiniya ya sosa ƙeya. "Da ma abin ba wuya. Ka zare kebul ɗin ciki, ka kashe, ka kunna, ka mayar. Minti uku. In yi maka yanzu? Lafiyarta ƙalau fa, ba abin da ya ƙone."

"Bar ta," in ji Mai Agogo.

Injiniya ya naɗe kayansa ya fita. A karon farko tun da aka san shi, ya bar wuri bai faɗi kalmar tasa ba.

Haka ta yi kwana tara tana jinya da jan ido. Ranar Juma'a aka sallami Baba, likita ya ce shi da matakala sun rabu ke nan. Motar Yaya ta tsaya a ƙofar shago da ƙarfe uku domin a ɗauki sauran kaya. Baba yana kishingiɗe a kujerar baya cikin matasan kai, ya daɗe yana kallon allon sunan shagon da ya rubuta da hannunsa, wanda fenti ya fara barinsa. Mai Agogo ya sunkuya ta taga. Baba ya laluba wuyansa, ya kasa cire zaren, sai da Yaya ta taimaka. Ya danƙa masa makullin agogo.

"Kwana takwas," ya ce. "Kar ka bari."

Motar ta bi gefen ramin da masu gyaran titi suka haƙa, ta sha kwana, shi ke nan.

Mai Agogo ya koma teburinsa ya zauna, makulli a hannu, bai maƙala gilashi ba. Da ƙarfe huɗu da kwata ya ji ihun murna daga shagon mai aski, sannan daga bene na gaba. An haɗa kebul, intanet ya dawo. Marigayiya ta yi ƙifta biyu, ta kasa kunne, wannan karon ta ji daidai. Idonta ya koma fari tas. Tsohuwar wayar da ke jikin gwangwani, wadda ya kasa taɓawa tun ranar Laraba, ta yi wani ɗan motsi. Baba mai barci ya ɓace daga fuskarta. Sai ga gado babu zanin gado, labule yana kaɗawa, agogon bango a tsaye, wannan karon da gaske.

Sai wayar ta ce, "Tin-tin."

Ashe ɗan akwatin kyamara bai yar da ko ɗaya ba. Duk dannawar da aka hana shiga ya ajiye ta, kuma da aka buɗe ƙofa marigayiya ta fara isar da su ɗaya bayan ɗaya, kowace da lokacinta a rubuce, cikin amanar da aka san ta da ita. Goma da minti talatin da huɗu, biyu. Goma da minti arba'in, biyu. Goma da minti arba'in da shida, biyu. Daga nan aka ɗan yi shiru, sai suka taho a jere babu tsari, babu numfashi, "tin-tin-tin-tin-tin", har gwangwanin kusoshi yana rawa. Mai Agogo ya ƙirga hamsin da uku ya daina ƙirgawa. Da lokacin da ke rubuce ya wuce sha biyu, sai dannawar ta lafa, ta koma uku. Uku, a tsaya. Uku, a tsaya. Ba ruwa ba, ba banɗaki ba. A zo kawai.

Nan ya miƙa hannu bayan kanta ya zare ta daga soket. Hasken goshinta ya ɗan jima kafin ya dushe, kamar ba ta gama isar da saƙo ba. Ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai ne, agogo goma sha huɗu ne shaida.

Marigayiya ta rasu ta bar 'yan tsaki biyu, ɗaya a falo ɗaya a ɗakin Baba, suna ta ƙifta ido suna neman uwarsu. Ta bar kyamara ɗaya da ba ta da wanda za ta kalla, da maɓallin ƙararrawa mai ɗan lotsawa a tsakiya, da kebul mita talatin da ke bin matakala, da tsohuwar waya da aka kifa a cikin aljihun tebur. Ta bar Injiniya, wanda har yanzu yake rantsuwa cewa ba ta mutu ba, a soka kawai a gani. Iyali sun gode masa, kuma suna roƙon ya daina zuwa da wannan magana. Ta bar Malama, wadda ta karanta sanarwar nan a tsaye ta ce, "Malam, roba ce fa." Mai Agogo ya ce ya sani. Ya ce Baba yana da rai, ba a yi wa mai rai zaman makoki, shi kuma dole ya zauna ya yi kukan wani abu.

Masu tambayar jikin Baba, an gode. Yaya tana bugo waya kullum da yamma. Yana cin abinci kaɗan, ana kula da shi fiye da yadda aka yi a nan, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai magana ta ƙara ja baya. Ta ce wuni guda ba ya cewa komai, sai lokaci zuwa lokaci ya ɗaga kai ya saurari bango, ya tambaya ƙarfe nawa. Ta sayo masa agogon batir mai manyan lambobi, ya juya masa baya. Mai Agogo ya ce zai kai masa na katakon, Baba ya karɓi wayar ya ce, "A'a. Nan," ya mayar mata. Ba wanda ya san wane nan yake nufi, ko kuma kowa ya sani.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da shawarar wata sabuwa mai rubutu a kan ramukanta. An ji akwai su, an ji suna da kyau. Babu wanda za a kalla.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe goma da minti ashirin na safe. Za a goge marigayiya da ƙyallen goge gilashi, a naɗe cajarta, a mayar da ita kwalin da ta zo a ciki tare da 'ya'yanta biyu. Babu mota, babu jawabi, kada kowa ya turo saƙo ta waya, wanda zai zo ya zo da ƙafarsa. Mai Agogo da kansa zai ɗauki kwalin, makulli a aljihunsa. Za a tashi daga teburin aiki, a bi lungu, a hau matakala ashirin da biyu, a ajiye ta ƙarƙashin gadon Baba, inda za ta kwanta. Tsofaffi da masu ciwon gwiwa kada su ji tsoro, tafiyar ba ta da nisa. Daga kujerarsa zuwa ƙofar ɗakin daƙiƙa arba'in ce. Ya auna jiya da agogo uku, duka sun yarda.